Komai Nisan Jifa: Lissafin da Ke Gano Inda Abu Zai Juya

Hausawa na cewa komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. Maganar gaskiya ce, sai dai ta bar mu da tambayoyi biyu: yaushe ne dutsen zai daina tashi ya kama faɗowa, kuma a wane tsayi zai juya? Akwai reshen lissafi da ke amsa su dalla-dalla, wato kalkulas, wanda yawancinku za ku haɗu da shi a aji uku na babbar sakandare. Yana cikin manhajar lissafi ta WAEC da NECO da JAMB, haka nan masu ɗaukar darasin ƙarin lissafi ba su da hanyar kauce masa.

Ɗalibai da yawa suna haddace jimla ɗaya tak a wannan babi: "a nemo dy/dx, a daidaita shi da sifili." Suna yin haka, su sami amsa, su ja layi biyu a ƙarƙashinta, su wuce. A nan ne maki ke zubewa, domin sifilin nan rabin aikin ne kawai. Sauran rabin shi ne duba abin da ke faruwa kafin wurin da kuma bayansa. A wannan makon za mu bi aikin gaba ɗayansa, daga tushe.

Hawa, gangara da shimfiɗa

Mu ɗauki mai keke a kan hanya mai tuddai da kwaruruka. A kowane lokaci yana cikin ɗayan hali uku. Ko dai yana hawa, yana danna feda da ƙarfi. Ko yana gangara, keken na tafiya da kansa. Ko kuma yana kan shimfiɗa, inda hanya ba ta tashi ba ta sauka.

Yanzu ku lura da kan tudu. Kafin mai keke ya isa can, hawa yake yi. Da zarar ya wuce, gangara yake yi. A daidai tsakiyar kan tudun kuwa akwai ɗan wuri, ko da taku ɗaya ne, inda hanya ta kwanta. Haka abin yake a cikin kwari, sai dai a juye: gangara ce ke zuwa da farko, sannan shimfiɗa, sannan hawa.

Zanen giraf da muke yi a aji tamkar wannan hanya yake. Idan y ya dogara da x, wato abin da malamai ke kira fankshan, muna karanta zanensa daga hagu zuwa dama, kamar mai keken yana tafiya gabas. Inda layin ke tashi, mu ce y yana ƙaruwa. Inda yake sauka, mu ce yana raguwa. Kan tudu shi ne maksimom, mu kuma za mu kira shi ƙololuwa. Cikin kwari shi ne minimom, za mu kira shi kwari. Dukansu biyu wuraren juyawa ne.

Wahalar ita ce a jarrabawa ba a ba mu hanyar mu gani da ido. Lissafinta kawai ake ba mu. Saboda haka muna bukatar ma'aunin da zai gaya mana, a kowane wuri, ko hawa ake yi ko gangara.

Ma'aunin sauyi

Wannan ma'auni shi ne deribatif, wanda ake rubutawa dy/dx. Za mu kira shi ma'aunin sauyi, domin aikinsa ke nan: idan x ya matsa gaba kaɗan, yana faɗa mana yadda y ke sauyawa. Kamar allurar da ke nuna gudun mota ce. Allurar ba ta gaya wa direba nisan da ya yi daga Kano. Tana gaya masa saurin da yake yi a wannan daƙiƙar ne.

Bari mu ga inda yake fitowa, don kada ya zama haddar aku. Mu ɗauki y = x². Idan x ya ƙaru da ɗan ƙaramin adadi h, sabon y zai zama (x + h)², wato x² + 2xh + h². Abin da y ya ƙaru da shi ke nan 2xh + h². Mu raba wannan da h, wato tazarar da x ya matsa, sai mu sami 2x + h. To, idan muka yi ta ƙanƙantar da h har ya kusa zama sifili, abin da zai rage shi ne 2x. Ma'aunin sauyin x² ke nan: 2x.

Ba sai mun yi wannan dogon aiki kullum ba, akwai gajeriyar ƙa'ida. A sauko da lambar da ke saman x a ninka da ita, sannan a rage ɗaya daga lambar saman. Ta haka x³ ke zama 3x², 5x² ke zama 10x, 9x kuma ya zama 9. Lambar da ke zaune ita kaɗai babu x, kamar 7, sifili take zama, domin ba ta sauyawa.

Abin da ya fi muhimmanci a yau shi ne alamar ma'aunin:

Idan dy/dx yana sama da sifili, y yana ƙaruwa. Hawa ake yi.
Idan dy/dx yana ƙasa da sifili, y yana raguwa. Gangara ake yi.
Idan dy/dx ya zama sifili, an zo shimfiɗa. Mai yiwuwa wurin juyawa ne, sai an bincika.

Mu koma ga jifa

Mu ɗauka an wurga dutse sama sak da saurin mita 20 a daƙiƙa. Ƙarfin jan ƙasa yana rage masa sauri da kimanin mita 9.8 a daƙiƙa cikin kowace daƙiƙa, amma a jarrabawa sau da yawa 10 ake cewa a yi amfani da shi. Idan muka yi watsi da tasirin iska, tsayin dutsen daga hannu bayan daƙiƙa t shi ne:

h = 20t − 5t²

Ma'aunin sauyinsa shi ne dh/dt = 20 − 10t, kuma wannan ba komai ba ne illa saurin dutsen. Mu daidaita shi da sifili: 20 − 10t = 0, saboda haka t = 2.

Yanzu sai bincike. A daƙiƙa ta 1, ma'aunin ya ba da 20 − 10 = 10, sama da sifili, dutse na tashi. A daƙiƙa ta 3, ya ba da 20 − 30 = −10, ƙasa da sifili, dutse na faɗowa. Hawa sannan gangara, ƙololuwa ke nan. Tsayin kuwa sai mu mayar da t = 2 cikin lissafin farko: 40 − 20 = mita 20.

Ku lura da kyau, cikin lissafin farko muka mayar da shi. Duk wanda ya mayar da t = 2 cikin dh/dt sifili zai samu, ya rubuta cewa dutse bai tashi ba ko taku ɗaya. Kuskure ne da ke yawan faruwa idan ana sauri.

Matakai biyar

Ga hanyar da za ta yi muku aiki a kowace tambaya irin wannan:

1. Nemo dy/dx.
2. Daidaita shi da sifili, a gano ƙimomin x.
3. Jera ƙimomin a kan layin lamba. Za su raba layin gida-gida.
4. Ɗauki lamba ɗaya daga kowane gida, a saka ta cikin dy/dx, a rubuta alamar da ta fito.
5. Karanta alamomin daga hagu zuwa dama, sannan a nemo y na kowane wurin juyawa daga lissafin farko.

Mu gwada da y = x³ − 6x² + 9x + 1.

Ma'aunin sauyi shi ne dy/dx = 3x² − 12x + 9. Idan muka fitar da 3 waje za mu sami 3(x² − 4x + 3), wato 3(x − 1)(x − 3). Wannan zai zama sifili idan x = 1 ko x = 3. Lambobin nan biyu sun raba layin lamba gida uku: ƙasa da 1, tsakanin 1 da 3, da kuma sama da 3.

A gidan farko mu ɗauki x = 0. Ma'aunin ya ba da 9, alamar tarawa, hawa.
A gida na biyu mu ɗauki x = 2. Ya ba da 12 − 24 + 9 = −3, alamar ɗebewa, gangara.
A gida na uku mu ɗauki x = 4. Ya ba da 48 − 48 + 9 = 9, alamar tarawa, hawa.

Labarin hanyar ya fito fili. Ana hawa har zuwa x = 1, a gangara daga 1 zuwa 3, sannan a sake kama hawa. Ke nan a x = 1 akwai ƙololuwa, inda y = 1 − 6 + 9 + 1 = 5. A x = 3 akwai kwari, inda y = 27 − 54 + 27 + 1 = 1. Da waɗannan wurare biyu, (1, 5) da (3, 1), da kuma sanin cewa layin ya ratsa y = 1 lokacin da x = 0, za ku iya zana siffar giraf ɗin ba tare da dogon jadawali ba.

Wani zai tambaya, don me lamba ɗaya tak ta isa a kowane gida? Dalili shi ne, a irin waɗannan lissafai ma'aunin sauyi ba ya tsallake. Ba zai tashi daga sama da sifili ya koma ƙasa da sifili ba sai ya bi ta kan sifilin, mu kuma mun riga mun gano duk inda yake zama sifili. Saboda haka alamar da muka samu a wuri ɗaya ita ce alamar gidan gaba ɗaya.

Tarko na farko: shimfiɗar da ba juyawa ba

Mu duba y = x³. Ma'aunin sauyinsa 3x² ne, kuma yana zama sifili a x = 0. Mai hadda zai ce nan take ya sami ƙololuwa ko kwari. Mu bincika. A x = −1, ma'aunin ya ba da 3. A x = 1, ya sake ba da 3. Hawa kafin wurin, hawa bayansa. Babu juyawa ko kaɗan.

Abin ya yi kama da matattakalar bene mai wurin hutawa a tsakiya. Mutum yana hawa, ya zo ɗan fili ya miƙe ƙafa, sannan ya ci gaba da hawa. Wanda ya tsaya a filin ya ce ya iso saman bene, ya yaudari kansa. Shi ya sa muka ce sifili gayyata ce zuwa bincike. Sai alamar ta sauya daga gefe zuwa gefe ne ake da wurin juyawa.

Tarko na biyu: sarkin unguwa

Mu koma ga y = x³ − 6x² + 9x + 1. Mun ce ƙololuwarsa tana (1, 5). To, a ce tambayar ita ce: nemo ƙima mafi girma ta y idan x yana tsakanin 0 da 5. Wanda ya rubuta 5 ya faɗi. Mu saka x = 5 mu gani: 125 − 150 + 45 + 1 = 21. Ashe a bakin iyaka y ya kai 21, ya ninka ƙololuwarmu fiye da sau huɗu.

Ƙololuwar da dy/dx ke nunawa ta fi maƙwabtanta ne kawai, kamar mai unguwa a unguwarsa. Ba lalle ne ta fi kowa a gari ba. Don haka duk lokacin da aka ba ku iyaka, ku lissafa y a wuraren juyawa da kuma bakin iyakokin biyu, sannan ku kwatanta. A wannan misali: y = 1 a x = 0, y = 5 a x = 1, y = 1 a x = 3, y = 21 a x = 5. Mafi girma 21, mafi ƙanƙanta 1.

Waya mita 40 da katangar gida

Yanzu mu fita daga aji. A ce muna da wayar shinge mai tsawon mita 40, muna so mu killace fili mai kusurwa huɗu don kiwon kaji, a jikin doguwar katangar gida. Katanga ta tsare gefe ɗaya, waya za ta tsare uku. Yaya za mu ja wayar don kaji su sami fili mafi girma?

Yawancin mutane za su ce a yi dukkan gefuna daidai wa daida. Mu ga abin da lissafi zai ce. Mu kira kowane ɗaya daga gefuna biyun da suka fito daga katanga x. Gefen da ke fuskantar katanga zai zama 40 − 2x. Girman filin shi ne:

A = x(40 − 2x) = 40x − 2x²

Ma'aunin sauyi shi ne 40 − 4x, wanda ke zama sifili a x = 10. A x = 9 ya ba da 4, a x = 11 ya ba da −4. Hawa sannan gangara, ƙololuwa ce. Ke nan faɗi mita 10, tsawo mita 20, fili murabba'in mita 200. Da mun raba wayar gida uku daidai, kowane gefe mita 13 da sulusi, filin da za mu samu bai kai murabba'in mita 178 ba. Waya ɗaya, kuɗi ɗaya, amma bambancin ya haura murabba'in mita 22.

Tarko na uku: amsar da ba ta da ma'ana

Ga wani misalin. Maƙerin farin ƙarfe yana da fallen kwano mai gefe huɗu daidai, kowane gefe santimita 30. Zai yanke ɗan murabba'i a kowace kusurwa, ya lanƙwasa gefunan sama, ya sami akwati marar murfi. Nawa zai yanke don akwatin ya fi cin kaya?

Idan ya yanke x, zurfin akwatin x ne, gindinsa kuma 30 − 2x ta kowane gefe. Abin da zai ci shi ne V = x(30 − 2x)², wato 900x − 120x² + 4x³. Ma'aunin sauyi: 900 − 240x + 12x², wanda ke daidai da 12(x − 5)(x − 15). Amsa biyu suka fito, 5 da 15.

A nan sai mu ajiye alƙalami mu yi tunani. Idan aka yanke santimita 15 daga kowace kusurwar falle mai faɗin 30, me ya rage? Babu komai, an yanke fallen duka. Ke nan 15 ba ta da amfani ga maƙeri. Saura 5. A x = 4 ma'aunin ya ba da 132, a x = 6 ya ba da −108, ƙololuwa ce. Akwatin zai kasance mai zurfin santimita 5 da gindi 20 sau 20, zai ci 2,000 na santimita mai kusurwa uku-uku, wato lita 2 cif.

Mu ƙara duba wani abu a lambobin nan. Idan x ya tashi daga 1 zuwa 2, V yana tashi daga 784 zuwa 1,352, ƙarin 568 ke nan. Amma daga 4 zuwa 5, yana tashi ne daga 1,936 zuwa 2,000, ƙarin 64 kacal. Kusa da ƙololuwa sauyi yana lafawa. Maƙerin da hannunsa ya ɗan goce ya yanke 4 ko 6 maimakon 5, asararsa kaɗan ce.

Wannan lafawa muna ganinta a sararin sama kowace shekara. A Kano, yini mafi tsawo yana zuwa ne wajen 21 ga Yuni, kusan awa 12 da minti 50 daga fitowar rana zuwa faɗuwarta. Mafi gajarta yana zuwa wajen 21 ga Disamba, kusan awa 11 da minti 25. A kwanakin da ke kewaye da waɗannan ranaku biyu, tsawon yini da ƙyar yake motsawa daga yau zuwa gobe. A watan Maris da Satumba ne yake sauyawa da sauri. Ma'aunin sauyin tsawon yini ne ke kusantar sifili a Yuni da Disamba, daidai inda yini ke juyawa.

Su wa suka gano wannan?

Tambayar neman ƙololuwa ta girmi kalkulas kansa. A ƙarni na 12, wani masanin lissafi ɗan Farisa, Sharafuddin al-Tusi, ya yi nazarin lissafai masu x³, yana gano inda suke kai ƙololuwa domin ya san ko suna da amsa ko ba su da ita. A shekarar 1615, masanin taurari Johannes Kepler na Jamus ya wallafa littafi kan auna abin da ganguna ke ci, inda ya lura da abin da muka gani a akwatin maƙeri: kusa da siffa mafi kyau, ƙaramin sauyi ba ya rage komai a zo a gani.

A shekarun 1630, Pierre de Fermat, wani lauya a birnin Tulus na Faransa da ke lissafi a lokacin hutunsa, ya fito da hanyar gano ƙololuwa da kwari mai kama da wadda muka bi da ɗan ƙaramin h. Daga baya Isaac Newton na Ingila ya gina nasa tsarin a 1665 da 1666, lokacin da annoba ta sa aka rufe Jami'ar Kambirij ya koma gida, yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai. Shi kuma Gottfried Leibniz na Jamus ya gano nasa daban, ya wallafa a 1684, kuma sunan maƙalarsa ma ya fara ne da sabuwar hanyar gano ƙololuwa da kwari. Alamar dy/dx da kuke rubutawa a littafinku ta Leibniz ce.

Ma'auni na biyu, da labarin farashi

Ma'aunin sauyi shi ma yana sauyawa, don haka ana iya auna nasa sauyin. A sake bin ƙa'idar nan a kan dy/dx, sai a sami d²y/dx², ma'auni na biyu. Yana ba mu gajeriyar hanyar tantance wurin juyawa. Idan yana ƙasa da sifili a wurin, ƙololuwa ce, layin ya kife kamar ƙwaryar da aka kifa. Idan yana sama da sifili, kwari ne, kamar ƙwaryar da aka ajiye a buɗe.

A misalinmu na baya, dy/dx = 3x² − 12x + 9, saboda haka ma'auni na biyu 6x − 12 ne. A x = 1 ya ba da −6, ƙololuwa. A x = 3 ya ba da 6, kwari. Ya yi daidai da abin da muka samu. Sai dai idan ma'auni na biyu ya ba da sifili, bai faɗi komai ba. A y = x³ yana ba da sifili a x = 0, kuma babu juyawa. A y = x⁴ ma yana ba da sifili a x = 0, alhali akwai kwari a wurin. In haka ta faru, a koma ga duba alamar hagu da dama.

Wannan bambanci tsakanin abu da saurin sauyinsa yana da amfani har a sauraron labarai. Kowane wata Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tana fitar da alƙaluman hauhawar farashi. Wani lokaci a ji a rediyo an ce hauhawar farashi ta sauka, amma iyayenmu su je kasuwa su tarar kaya ba su yi sauƙi ba, sai a ce ƙarya ake yi. Abin da ke faruwa shi ne, hauhawar farashi ma'aunin sauyin farashi ce. Idan ta sauka amma tana nan sama da sifili, farashi yana ci gaba da hawa, saurin hawan ne kawai ya ragu. Mai keke ne da tudu ya ɗan sassauta masa, amma bai fara gangara ba. Farashin kaya a jimlace ba zai sauko ba sai ma'aunin ya faɗa ƙasa da sifili. Ɗalibin da ya gane wannan zai iya yi wa mutanen gidansu bayanin abin da manya da yawa ke jayayya a kai.

A ɗakin jarrabawa

Ku rubuta kowane mataki a fili, domin a ɓangaren da ake nuna aiki ana ba da maki a kan hanya, ko da amsar ƙarshe ta goce. Ku karanta tambaya sau biyu: an ce a nemo x ɗin da ke ba da ƙololuwa ne, ko ƙimar ƙololuwar kanta, ko duka biyun? Kada ku manta da rubuta mita ko daƙiƙa ko naira a bayan amsa. Sannan ku tambayi kanku ko amsar ta yi hankali. Tsawon shinge ba ya zama ƙasa da sifili, haka nan lokaci.

Gwada basirarka

1. Nemo inda y = x² − 8x + 3 ke raguwa da inda yake ƙaruwa, sannan ka faɗi ƙimarsa mafi ƙanƙanta.

2. Nemo wuraren juyawa na y = 2x³ − 3x² − 12x + 5, ka tantance wanne ne ƙololuwa, wanne ne kwari.

3. Mu ɗauka wata mai sayar da zoɓo tana kashe naira 60 a kan kowace gora. Ta lura cewa idan ta sa farashin gora naira p, tana sayar da gora 300 − p a rana. Rubuta lissafin ribarta, sannan ka nemo farashin da zai ba ta riba mafi yawa. Idan ta ƙara farashi ya wuce wannan, me zai sami ribar?

4. Shin y = x³ + 3x yana da wurin juyawa? Kawo dalili.

Ku yi su a littafinku, ku nuna wa malamin lissafinku ko ku tattauna da abokan karatu. Za mu kawo amsoshin a mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu. Allah Ya ba da sa'ar karatu.